Kiran waya ɗaya: kan Kaycee Madu, lauyan Najeriya da ya riƙe ma'aikatar shari'a a Alberta

Kawu Mai Ritaya:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya da daddare an turo hoton Kaycee Madu a zauren nan, aka rubuta a ƙasa wai ɗan Najeriya ne da Turawa suka yi wa taron dangi. Kafin gari ya waye har an fara jifan juna, kuma na lura rabin masu jifan ba su san mutumin ba. Bari in shimfiɗa labarin, sai a yi musun da hujja.

Sunansa Kelechi Madu, ɗan jihar Imo. Ya karanta lauya a Jami'ar Legas, ya koma Kanada a 2005, ya zauna a Edmonton, babban birnin lardin Alberta. A zaɓen 16 ga Afrilu 2019 ya ci kujerar majalisar lardi ta Edmonton ta Kudu maso Yamma a jam'iyyar UCP ta masu ra'ayin mazan jiya. Kujeru 20 ne a birnin, abokiyar hamayyarta, jam'iyyar NDP, ta kwashe 19, shi kaɗai ya tsira. Firimiya Jason Kenney, shugaban gwamnatin lardin a lokacin, ya ba shi ministan ƙananan hukumomi, sannan a Agusta 2020 ya mayar da shi ma'aikatar shari'a, wadda a lokacin har harkar 'yan sanda tana ƙarƙashinta. Shi ne baƙar fata na farko da ya riƙe ministan shari'a a Kanada.

Ranar 10 ga Maris 2021 da safe, ɗan sanda ya tsayar da shi kusa da wata makaranta, ya ce ya gan shi da waya a hannu yana tuƙi, ya yanka masa tarar dala 300. Shi ya ce wayarsa na aljihu. Bayan an rabu sai ya kira shugaban 'yan sandan Edmonton, Dale McFee. Tarar dai ya biya. Sai bayan wata goma, a Janairun 2022, kafar labaran Kanada ta CBC ta fasa ƙwan. Daga nan kujerar shari'a ta suɓuce masa. To bismillah, amma ban da zagi.

Sarkin Musu:
Kawu ni na turo hoton, kuma ina nan kan bakana. Mutum ya biya tara. Shi kansa shugaban 'yan sandan ya fito ya ce bai roƙe shi a soke takardar ba. To ina laifin? Minista guda ba zai iya kiran yaronsa ya ce "yau ga abin da ya same ni" ba? Da Bature ne da ko a rediyon unguwa ba za a ji ba.

Barista:
Malam Sarkin Musu, kalmar "yaronsa" ɗin nan da ka faɗa, ita ce dukan shari'ar. Shugaban 'yan sandan Edmonton ba yaron minista ba ne. Rundunar ta birni ce, akwai hukumar da ke sa mata ido. Amma dokar da ta kafa su, da ƙa'idojin aikinsu, a lokacin duk suna kan teburin ministan. Wato ba ubangidansa ba ne kai tsaye, amma yana riƙe da igiyar da za ta iya shaƙe shi. Irin wannan mutum idan ya kira ka kan abin da ya shafi kansa, ba sai ya roƙi komai ba. Sallamarsa kaɗai roƙo ce.

Kenney ya ɗauko tsohuwar alƙaliya, Adèle Kent, ta bincika. Tambaya uku ta amsa. Ya tsoma baki a harkar shari'a? Ta ce a'a. Ya yi yunƙurin tsomawa? Ta ce e. Mai hankali zai iya kallon abin a matsayin tsoma baki? Ta ce e. Ranar 25 ga Fabrairu 2022 aka fitar da rahoton, ranar kuma aka yi musayar kujera: Tyler Shandro ya koma shari'a, Madu ya karɓi ma'aikatar ƙwadago da shige da fice.

Sarkin Musu:
Bai tsoma ba amma ya yi yunƙuri. Barista wannan ai irin lauje cikin naɗin da kuka iya ne. Ko dai ya yi ko bai yi ba.

Barista:
Wanda ya kai hannu aljihunka ya tarar babu komai, ya sata?

Sarkin Musu:
Bai sata ba.

Barista:
Za ka ba shi ajiyar kuɗin masallaci?

Ɗan Edmonton:
Ku bari in sa baki, don ni a garin nake tuƙi nake ci. Barista ka yi gaskiya a takarda, amma akwai abin da takarda ba ta gani. Duk baƙin mutum da ke tuƙi a nan ya san yadda cikinsa ke ɗurar ruwa idan fitila ja da shuɗi ta haska masa madubi. Ka ajiye hannu biyu kan sitiyari, ka zuge gilashi cikin sanyin da ke yanka kunne, ka yi ta lissafi: na yi laifi ne ko fuskata ce laifin? Wani lokaci laifin naka ne. Ni an taɓa yanka min irin wannan tarar, dala 300 da maki uku a kan lasisi, don na taɓa waya a danja in duba adireshin fasinja. Laifina ne, na biya. Amma an kuma taɓa tsayar da ni sau biyu a wata ɗaya ba tare da an faɗa min dalili mai kama hankali ba.

Kuma ku tuna, Madu ne ya sanar a Nuwamban 2020 cewa an haramta wa 'yan sanda tsayar da mutum haka siddan su nemi katin shaidarsa su rubuta sunansa a ajiye. Mu da 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar a nan, wannan abin ya fi ci. Wata huɗu bayan haka sai ga ɗan sanda ya tare shi. Sannan a daidai lokacin ake ta cece-kuce kan 'yan sandan garin Lethbridge da aka samu suna bibiyar 'yar majalisa Shannon Phillips, shi kuma yana kan matsa musu lamba. Abin da ya ce ya sa shi kiran ke nan: yana so ya ji ko bin sa ake yi, ko don launinsa ne. Ni ban ga ƙarya a fargabar ba.

Anti Nas:
Ɗan Edmonton, ƙanena, fargabar gaskiya ce, ita ma alƙaliyar ba ta musa ba. Ta ce ɓacin ransa abin fahimta ne, sai dai ba ya wanke shi, kuma akwai hanyar kai ƙarar ɗan sanda wadda shi ya fi kowa saninta, ba ta kuma farawa da kiran shugaban rundunar. Ni tambayata gare ka ɗaya ce. Ranar da aka tsayar da kai sau biyu ɗin nan, wa ka kira?

Ɗan Edmonton:
Matata, Anti.

Anti Nas:
To ka gani. Kai ba ka da lambar McFee. Ɗana ba shi da ita. Idan hanyar ƙorafi ba ta aiki ga baƙar fata, shi ne mutum ɗaya tak a lardin da ke da iko ya gyara ta. Ranar da abin ya zo kansa sai ya bi ta ƙofar baya. Wannan ya fi min ciwo a kan tarar. Da ya cike takardar ƙorafi kamar kowa, ko ya je kotu ya musanta, wallahi da mu za mu cika kotun.

Ɗalibar Lauya:
Don Allah a yi min haƙuri, tambaya ce. Ta yaya yake ɗan majalisa kuma minista a lokaci guda? Mu an koya mana sashe na 192 na kundin tsarin mulkin Najeriya, ɗan majalisa da aka naɗa kwamishina an ɗauka ya ajiye kujerarsa.

Barista:
Ƙanwata, namu tsarin shugaban ƙasa ne, daga Amurka muka aro shi a 1979. Nasu irin na Ingila ne. Majalisar Alberta kujera 87 ce. Jam'iyyar da ta fi rinjaye shugabanta ne firimiya, kuma daga cikin 'yan majalisarsa yake zaɓo ministoci. A 2019 UCP ta samu 63, NDP 24. Saboda haka minista a can sai ya fara cin mazaɓa, sannan duk zaman majalisa yana zaune 'yan adawa na yi masa ruwan tambayoyi ido da ido. Wannan ma yana cikin abin da ya ɗaga Madu da wuri. Gwamnati ba za ta yi shekara huɗu babu ɗan babban birni ko ɗaya a majalisar ministocinta ba, shi kuwa shi kaɗai gare su.

Sarkin Musu:
Au, wato ba don cancanta ba ke nan?

Barista:
Ban ce ba. Wanda ya ci Edmonton a tutar UCP a shekarar da kowa ya faɗi, ya yi aiki. Ratar ba ta kai ƙuri'a dubu ba, ƙofa-ƙofa aka bi aka samo ta. Amma a siyasa cancanta ba ta tafiya ita kaɗai, ko a nan ko a can.

Baba Alhaji:
'Yata Ɗalibar Lauya, abin da kike mamaki a nan ƙasar aka yi shi. Ina yaro a Kaduna, Sardauna firimiya ne, ba gwamna ba. Makaman Bida na riƙe da kuɗi, Isa Kaita na riƙe da ilimi, duk suna zama a majalisa a Lugard Hall. Mamman Nasir, wanda daga baya ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara ya kuma zama Galadiman Katsina, lauya ne da ya riƙe ministan shari'a a wannan gwamnatin. Sai 1966 soja suka kifar da komai. Ku yara kun taso kun tarar da kwamishinan da babu wanda ya zaɓe shi, gwamna kaɗai yake tsoro, kun ɗauka haka duniya take.

Amma ni abin da ya tsaya min a labarin nan daban ne. Kawu ya ce yaron nan ya je 2005, ya zama minista 2019. Shekara 14. Me ya yi a tsakani?

Anti Nas:
Baba, ranka ya daɗe, nan ne nake cire masa hula. Lauyan da ya zo daga waje ba ya shiga kotu a nan kai tsaye. Sai an tantance takardunsa, ya rubuta jarrabawoyi kan dokokin Kanada, sannan ya nemi ofishin lauya da zai ɗauke shi ya yi kusan shekara yana koyon aiki a ƙarƙashin wani, ko da kuwa ya girme shi a aikin. Samun wannan gurbin shi ne ƙashin bayan wahalar, don ba kowa ke son ɗaukar baƙo ba. Madu ya yi aiki a sashen abincin marasa lafiya a asibiti kafin abubuwa su daidaita, ya yi aiki da hukumar ba da lauya ga marasa hali, ya yi aikin gwamnatin lardi, sannan ya buɗe ofishinsa. Ni da nake aikin asibiti na san masu tura keken abincin nan. Za ka ga mutum da hular roba a kai yana jera faranti, ƙarfe shida na safe, ashe injiniya ne ko likita a ƙasarsu. Mafi yawansu a nan suke tsufa.

Baba Alhaji:
To wanda ya sha wannan, ya kuma zo ya zubar da shi kan dala 300. Allah ya raba mu da zuciya.

Sarkin Musu:
Baba da girmanka, amma bai zubar ba, ƙwace masa aka yi. Ga hujjata, Barista ya ƙaryata ni in ya iya. Danielle Smith, firimiyar da ta gaji Kenney, ta kira ministanta na shari'a, Shandro ɗin nan dai, kan shari'ar wani fasto, Artur Pawlowski, da ake tuhuma kan toshe iyakar Kanada da Amurka a Coutts. Kwamishinar ɗa'a ta lardin ta fito a Mayun 2023 ta ce ta karya doka. Kwana goma sha ɗaya bayan haka aka yi zaɓe, ta ci, ta zauna daram. A zaɓen nan ɗin ne Madu ya faɗi. Ita ta kira kan shari'ar laifi sukutum, shi kan tarar mota. Wa aka hukunta?

Barista:
Ba zan ƙaryata ka ba, haka aka yi. Ka ma manta da Justin Trudeau, firaministan Kanada na lokacin, wanda kwamishinan ɗa'a na tarayya ya samu da laifi a 2019 kan matsa wa ministarsa ta shari'a, Jody Wilson-Raybould, lamba a batun kamfanin SNC-Lavalin, shi ma ya sake cin zaɓe a shekarar. Amma dubi abin da misalan naka ke nunawa. Waɗanda suka tsira shugabanni ne, babu mai sauke su sai jam'iyya ko masu ƙuri'a. Minista kuwa ran da ya zama kaya ake sauke shi, fari ne ko baƙi. Jean Charest Bature ne ɗan Quebec, lauya kuma. A 1990 yana ƙaramin ministan wasanni na tarayya ya kira alƙali kan wata shari'a, ya ajiye muƙami. Daga baya ya yi firimiyan Quebec shekara tara. Shi Madu ma ba a kore shi ba, ma'aikata aka sauya masa. Smith ɗin da kake zargi ita ta ɗaga shi zuwa mataimakin firimiya a Oktoban 2022. Wane irin taron dangi ne ake yi wa mutum a ƙara masa girma?

Sarkin Musu:
To faɗuwar zaɓen fa?

Ɗan Edmonton:
Wannan kam kar ka ɗora wa launi, Malam. Nathan Ip ne ya kayar da shi, shi ma ba Bature ba ne. NDP ta share kujerun Edmonton 20 kaf a 2023. Garin ma'aikatan gwamnati ne da malaman makaranta da ma'aikatan jinya, ba sa ga maciji da UCP. Kuma shi ma ya ƙara wa kansa gishiri. A 2022 ya fito ya gode wa masu jerin gwanon manyan motocin nan da suka yi bore kan dokokin korona. A ƙauyukan Alberta wannan magana kan kawo ƙuri'a, a Edmonton kuwa korar ta take yi. Na ɗauki fasinjoji da yawa daga mazaɓarsa a lokacin, ba su cika ambaton tarar ba.

Ɗalibar Lauya:
Barista, ina ce ƙungiyar lauyoyinsu ma ta shiga maganar?

Barista:
Ta shiga. A 2024 kwamitin ladabtarwa na ƙungiyar lauyoyin Alberta ya same shi da laifin yin abin da ke zubar da mutuncin shari'a a idon jama'a. An ja masa kunne a hukumance, ba a karɓe lasisinsa ba. Wannan ne bambancin lauya da sauran 'yan siyasa, ko ya bar kujera rigar na bin sa.

Bari in faɗi wani abu da bai yi min daɗi ba. Da na fara karanta labarin nan dariya na yi. Na ce yanzu wannan ne abin tada jijiyar wuya? Don ni kaina na yi irinsa ba sau ɗaya ba. Shekarun baya an kama ƙanin matata da babur ba takarda, ina cikin cin tuwo aka kira ni. Ko hannu ban wanke ba na lalubo lambar wani babban jami'i da muka yi makaranta tare. Ban ce ya sake shi ba. Na tambayi iyali, na tambayi aiki, na ce af, akwai wani yaronmu a wajenku. Kafin in gama tuwon yaro ya iso gida da babur ɗinsa. Akwai wasu samari a bayan kanta a daren, masu irin laifinsa, na tabbata a can suka kwana. Shi ya sa da Sarkin Musu ya ce "bai roƙi komai ba" na ji kamar da ni yake.

Maman Biyu:
Barista Allah ya saka da wannan gaskiyar. Amma ni zan faɗi nawa ba kunya. In aka kama ɗana yau, duk lambar da ke wayata sai na kira, har ta wanda muka yi shekara goma ba mu gaisa ba. Ba zan zauna jiran hanyar ƙorafi ba alhali na san abin da ke faruwa a bayan kanta. Ku na Kanada kuna da hanyar da ke aiki, ko da rabi ne. Mu kiran wayar shi ne hanyar.

Anti Nas:
Maman Biyu ba wanda zai ga laifinki, ke ba ke ke riƙe da dokar ba.

Maman Biyu:
Haka ne Anti. Amma wanda zan kira ɗin shi ke riƙe da ita. In ya ɗauka kun ce ya yi laifi, in bai ɗauka ba dangi su ce ya samu wuri ya manta da mu, ranar da ya sauka ko gaisuwar mutuwa ba za a je masa ba. Ku faɗa min yadda zai yi.

Ɗalibar Lauya:
Shi ya sa ake ta kiran a raba Antoni Janar da ministan shari'a a nan. Sashe na 174 da na 211 sun ba shi ikon karɓe shari'ar laifi ko ya dakatar da ita kafin hukunci, kuma shi ɗin ɗan siyasa ne da shugaba ko gwamna ya naɗa. Can tarar mota ce ta tada ƙura, mu nan shari'a ɗungurungum ake iya janyewa da takarda ɗaya.

Baba Alhaji:
'Yata ko an raba, ai dukansu biyun suna da waya.

Sarkin Musu:
Na ji duka. Na yarda bai kamata ya kira ba, tunda har Barista ya tona kansa. Amma ba wanda ya amsa min wannan: wata goma abin na kwance, mutane sun sani, ba a ce uffan ba. Sai a Janairun 2022, lokacin da jam'iyyar ke rikici kan shugabancin Kenney, sannan ya fito. Wa ya kai wa 'yan jarida, kuma don me sai lokacin?

Barista:
Tambaya ce mai kyau, sai dai ko wa ya kai, ba shi ya danna lambar ba.

Sarkin Musu:
Ka sake zillewa.

Ɗan Edmonton:
Ku ci gaba, ni fasinja ya shigo, zan ajiye wayar. Akwai makaranta a gabana.

Kawu Mai Ritaya:
Ajiye ta maza. Sarkin Musu, hoton dai na bar shi, amma ka gyara rubutun da ke ƙasa kafin la'asar, in ba haka ba in goge. Maman Biyu, tambayarki tana nan ba a amsa ba, wanda ke da amsa ya kawo.